Malamin Kwantiragi: Alli a Hannu, Fasfo a Aljihu

Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar Gwandu tsakanin 1975 da 1986, in ka tambaye shi wa ya koya masa lissafi, da wuya ya kira maka sunan Bahaushe. Ba'indiye ne ko mutumin Pakistan. Turanci na ɗan Gana ne, Larabci kuma sau da yawa na Bamisire. Daga 1976 Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, domin sai a 1991 aka yanke Kebbi. Kuɗin man fetur sun shigo, gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, makarantu suka yi ta tsirowa, amma masu digirin kimiyya 'yan ƙasa ba su taka kara sun karya ba. Sai jihohin Arewa suka riƙa tura jami'ai ƙetare, su zauna su tantance malamai, su ɗauko su a kan kwantiragi.

Koyarwa a ƙasar wani sana'a ce mai zaman kanta, ko da yake kayan aikin ɗaya ne da na malamin gida: alli, jan biro, rajistar aji da littafin tsara darasi. Bambancin yana cikin takardar da aka sa wa hannu. Kwantiragi na shekara biyu ne ko uku. Akwai gida a kwatas ɗin malamai, akwai tikitin jirgi na zuwa da komawa, akwai garatuti a ƙarshen wa'adi, akwai kuma izinin aika wani kaso na albashi gida ta banki. Fansho ne babu. A wancan zamani ba wanda ya damu da wannan, tunda a 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi. Mata da miji sukan zo tare, shi yana koyar da fiziks, ita tana koyar da bayoloji, su ci albashi ɗaya su tara ɗaya.

Ainihin gwanintar ba a digiri take ba. Baƙon malami yakan shafe zangon farko yana magana yara suna kallon bakinsa, ba su fahimci rabin abin da ya ce ba, shi ma bai gane nasu ba. Wanda zai daɗe shi ne wanda ya koyi sassauta harshe, ya rubuta kusan komai a allo, ya haddace sunaye har ya iya raba Abubakar uku da ke aji ɗaya ta garuruwansu, wannan Jega, wancan Sambawa, na baya Andarai. Sai ya gane cewa shirun yaro da sunkuyar da kai ladabi ne, ba rashin sani ba. Sai ya san ba a sa gwaji mai nauyi da rana tsaka cikin azumi, kuma makon da aka dawo hutun damina rabin aji na gona. In ɗakin gwaje-gwaje ba iskar gas, risho zai tafasa ruwan. In ba takardar gwada tsami, ruwan zoɓo zai canza launi a gaban yara su yi ta mamaki. Irin wannan ba a koyar da shi a kwaleji. Shekaru ne ke kawo shi, kuma a nan ne duk maganar take.

Ba kuɗin mai ne suka fara kawo mana baƙin malamai ba. Tun 1934 aka ɗauko malamai daga Sudan don makarantar horar da alƙalai ta Kano, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Matasan Amurka 'yan sa kai sun fara zuwa a 1961, ga na Ingila da Kanada, ga waɗanda Azhar ke turowa. Jega kuwa ba baƙuwar baƙi ba ce. Gari ne na kasuwa a bakin Gulbin Zamfara tun zamanin Daular Usmaniyya, yau kuma mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri.

Abu biyu suka kashe kasuwar. Na farko, a ranar 17 ga Janairu 1983 ministan cikin gida, Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasa. An ɗan ƙara wa masu ƙwarewa wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu, amma guguwar ta kwashi 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, da malamai cikinsu. Wani abin lura, shugaban da aka yi wannan a zamaninsa, Shehu Shagari, malamin makaranta ne, har ya yi hedimasta a Argungu. Ita ma Gana ta yi wa 'yan Najeriya irin wannan kora a 1969, lokacin Busia, Hausawan zango da yawa sun ɗanɗana. Abu na biyu da ya kashe kasuwar ya zo ba hayaniya. Da Babangida ya karya darajar naira a 1986, cikin 'yan watanni dala ta koma kusan naira huɗu. Ba wanda ya kori Indiyawa. Lissafi suka iya, suka lissafa, suka ƙi sabunta kwantiragi. Wasu suka nufi ƙasashen Larabawa, wasu kudancin Afirka, ajujuwan kimiyya da yawa suka koma hannun 'yan bautar ƙasa.

Yanzu reshe ya juye da mujiya. Mu ne ke neman fita. Tun 1987 Najeriya ke da shirin tura ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik na shekara biyu, malamai na cikin waɗanda aka fi turawa. Malaman jami'a suna hangen Saudiyya da maƙwabtanta. A ranar 1 ga Fabrairu 2023 Ingila ta sa Najeriya cikin ƙasashen da malamansu za su iya neman shaidar ƙwarewar koyarwa a can, musamman masu lissafi da kimiyya, sai neman takardar shaida daga hukumar rajistar malamai ta TRCN ya ƙaru. A ɗakin malamai na kowace babbar makaranta za ka sami mai cike fom a waya lokacin tara.

Matashi kuɗin jirgi da jarrabawar Turanci ne damuwarsa. Dattijo kuwa layi ɗaya ne a fasfo ke tsayar da shi, ranar haihuwa. Ƙasar Sin ta raba baƙin ma'aikata gida uku tun 2017. Yawancin malamai suna faɗawa rukuni na biyu, inda ƙa'ida ita ce kada a wuce shekara 60. Rukunin farko, na manyan masana, shi ne ba a tambayar shekaru. Shirin gwamnatin Koriya ta Kudu na ɗaukar malaman Turanci yana tsayawa a 62, wato shekarun ritayar malamansu. Ostireliya ta fi tsanani ga mai son zama na dindindin ta hanyar sana'a, sai ɗan ƙasa da 45. Jami'o'in Saudiyya suna ɗaukar baƙo har zuwa 60, daga nan sai in majalisar jami'a ta ga dama ta ƙara masa, kuma farfesa ya fi samun ƙarin a kan ƙaramin malami. Kuwait ma ta taɓa hana sabunta izinin aiki ga baƙin da suka kai 60 ba su da digiri, daga farkon 2021, sai da aka yi ta ƙorafi ta mayar da abin biyan kuɗi da inshora. Ingila ba ta sa iyakar shekaru a bizar ma'aikata ba, sai dai kuɗin biza da na asibiti da ake biya tun kafin a taka ƙasar sun isa shinge.

Dalilansu ba na banza ba ne. Ƙasar da ke sallamar nata malamin a 60 ba za ta ga hujjar riƙe baƙo ɗan 64 ba. Inshorar lafiyar dattijo ta fi tsada, kuma makaranta ce ke biya. Akwai matasan gida masu digiri da ke zaune ba aiki. Ita kuwa Ostireliya lissafinta a fili yake: shekara nawa za ka yi kana biyan haraji kafin ka fara cin na tsufa. Duk wannan na ji. Amma a ganina an auna malami da ma'aunin da ba nasa ba. A Aliero, inda ake kawo masu karaya daga garuruwa masu nisa, ba wanda ke neman mai ɗori matashi. Hannun da ya taɓa ƙashi dubu ake nema. Malamin lissafi ɗan 58 ya ga kowane irin kuskure da yaro zai iya yi a aljabara, ya san wanda zai yi tun kafin ya ɗauki biro. A daidai lokacin ne takarda ke ce masa ya tattara.

Tattarawar ma zuwa ina? Wannan ita ce masifar sana'ar. Mutum ya yi shekara ashirin a ƙasar da ba ta ba baƙo zama na dindindin, izinin zamansa a ɗaure yake da aikinsa, ran da kwantiragi ya ƙare sai a ba shi 'yan makonni. 'Ya'yansa a can aka haife su, Hausarsu ta gaisuwa ce kawai. A gida kuma ya ajiye aikin gwamnati tun yana ɗan arba'in, shekarun da ya yi a waje ba sa shiga lissafin fansho. In ya yi hankali ya sayi fili ya gina, ya sami wurin kwana. In kuwa garatutin ya tafi a hidimar dangi da aikin Hajjin iyaye, sai ka gan shi da digiri uku yana neman 'yan sa'o'i a makarantar kuɗi.

A nan gida dokar ta ɗan motsa zuwa ɗaya ɓangaren. A Afrilun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, maimakon 60 da 35. Wasu jihohi sun bi, wasu sun ja ƙafa. Farfesoshi tun 2012 suke kaiwa 70. Kebbi kuma tun 2023 gwamnanta, Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, don haka ba a buƙatar yi masa bayanin menene alli. Baƙo daga wajen ƙasashen ECOWAS kuwa abin da ke tare shi kuɗi ne. Sai makaranta ta samo gurbin ɗaukar baƙo daga ma'aikatar cikin gida, sannan a biya katin zama, wanda a ƙarshen 2018 aka ninka kuɗinsa daga dala 1,000 zuwa 2,000 a shekara. Da dala ta haura naira 1,500 a 2024, katin kaɗai ya fi albashin shekara na malamin sakandare da yawa. Ƙara da sace ɗalibai da malamai da aka yi a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021, za ka gane abin da ya sa ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ba za ta sami baƙi da sauƙin da sakandaren ƙauye ta samu a 1978 ba.

To wane ne baƙon malami a Sabon Garin Jega yau? Galibi ɗan Najeriya ne, daga Kwara ko Kogi ko Binuwai ko can kudu. Wani bautar ƙasa ta kawo shi, ita ma da tata iyakar, ba a ɗaukar wanda ya wuce 30 lokacin gama karatu. Ya gama shekararsa, mai makaranta ya ce ya tsaya, ya tsaya. Ba ya buƙatar biza, amma akwai takardar da ke yi masa aikin biza, ta shaidar asalin ƙaramar hukuma. An daɗe a jihohi da dama, kudu da arewa, wanda ba ɗan jiha ba in an ɗauke shi aikin gwamnati a kan kwantiragi ake ɗaukarsa, ba a layin fansho ba. Don haka yawanci makarantar kuɗi ce tasa da safe, da yamma kuma ya shimfiɗa benci a zaure yana shirya yara don WAEC da NECO da JAMB.

Ka duba shi da la'asar. Tabarau ɗaure da zare, tarin littattafan yara a kan cinya, jan biro na tafiya yana tsayawa. Hausarsa ta nuna, har da karin Sakkwatanci. Wani magidanci ya tsayar da babur ya sauko ya durƙusa: "Baba Ticha, barka da yamma. Ga jikanka na kawo maka, lissafi ya gagare shi." Shi ya koyar da uban, yanzu ga ɗan. Kuɗin wata ba a tsananta ciniki, wani lokaci buhun albasa ko kwanon shinkafa ne ke biyo baya. Ba wanda zai ce masa shekarunsa sun cika. Ba kuma wanda zai biya shi ran da idon ya daina ganin allo.

Shi ya sa malaman da suka san kan sana'ar suke ba na baya shawara iri ɗaya. In za a fita, a fita tsakanin 35 da 45, lokacin da akwai gogewar nunawa kuma ƙofofi ba su fara rufuwa ba. A nemi hutun aiki ba albashi maimakon ajiye aiki gaba ɗaya, in hukuma ta yarda. A tabbatar ranar haihuwar da ke fasfo ta yi daidai da ta lambar NIN da ta fayil ɗin ofis, domin da yawa daga cikin 'yan wancan zamani a kotu aka yi musu takardar rantsuwar shekaru, wasu har sau biyu, kuma ofishin jakadanci ba ya sauraron bayanin cewa hedimasta ne ya ƙiyasta ranar da aka sa yaro aji ɗaya.