Ladan Lauya a Jamhuriyar Nijar

A Nijar, ladan lauya ba shi da ƙayyadadden farashi. Bisa dokar da ƙungiyar UEMOA ta kafa a 2014, lauya da wanda ya ɗauke shi su ne ke daidaitawa a tsakaninsu. Wani lauyan kan yanke kuɗin aikin gaba ɗaya tun farko, wani kuma kan lissafa lokacin da aikin ya ci.

Wannan lada dabam yake da kuɗin kotu, kamar na kan sarki da na mai kai sammaci. Wanda bai bambance su ba yakan ga kuɗinsa sun ƙare alhali shari'a ba ta yi nisa ba. Saboda haka ya kamata a rubuta yarjejeniya kafin a fara, a kuma riƙa karɓar rasit. Idan saɓani ya taso kan lada, wurin shugaban ƙungiyar lauyoyi ake kai kuka.

Mai ƙaramin ƙarfi na iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa. Rikicin gona kuwa, sarakunan gargajiya na da ikon yin sulhu, kuma sulhu ya fi shari'a araha.