Sauti Gagara-Kunne da Yadda Ake Awo da Shi

Sanin kowa ne cewa idan mutum ya yi ihu a gindin dutse ko a bakin rijiya, muryarsa takan dawo masa. Wannan ita ce amsa-kuwwa, kuma a kanta aka gina na'urar nan ta asibiti da jama'a ke kira sikanin.

Sauti dai girgiza ce da ke ratsa iska ko ruwa ko ƙarfe. Kunnen ɗan'adam yana jin girgizar da ta kama daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa guda. Abin da ya zarce haka shi za mu kira sauti gagara-kunne. Ƙananan jemagu masu cin ƙwari da shi suke farauta cikin duhu. Na asibiti kuwa yakan girgiza sau miliyoyi a daƙiƙa.

Tushen na'urar ya samu ne a 1880, lokacin da Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano a Faransa cewa akwai duwatsu masu ƙyalli waɗanda ke fitar da lantarki idan an matse su. Daga baya aka tabbatar cewa idan an sa musu lantarki su ma sukan girgiza. Ke nan abu guda shi ne baki, shi ne kunne. A 1958 likita Ian Donald ya wallafa sakamakon duba cikin marasa lafiya da wannan sauti a Gilasgo.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba. Sauti yana cin kimanin mita 1,540 a daƙiƙa cikin tsokar jiki. Alal misali, idan amsar ta dawo bayan kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa, to ya yi tafiyar santimita 15.4. Amma wannan zuwa da dawowa ne, saboda haka zurfin abin da ya maido shi santimita 7.7 ne. A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, su manta da raba lissafin biyu. Da irin wannan lissafi jiragen ruwa ke auna zurfin teku.

Man nan mai sanyi da ake shafa wa mai juna biyu a ciki ba magani ba ne. Idan iska ta shiga tsakanin na'ura da fata, ko da 'yar kaɗan ce, kusan dukkan sautin zai koma baya tun bai shiga jiki ba. Shi ya sa sikanin ke nuna jariri sarai, domin a cikin ruwa yake kwance, amma ya kasa ratsa huhu mai cike da iska.