Dokokin Jirgin Sama: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama ya san irin matakan da ake bi kafin a tashi. A auna kayansa, a buɗe jakarsa, a laluba jikinsa, wani lokaci kuma a ce an ɗaga tafiya saboda hazo ko saboda wani ɗan gyara. Mutane da yawa sukan ɗauka tsananin ma'aikata ne kawai. Alhali kuwa kowane mataki doka ce ta wajabta shi, kuma da yawa daga cikin dokokin nan an rubuta su ne bayan an yi asarar rayuka.

Asalin Dokokin

Jirgin sama yakan ƙetare ƙasashe da dama cikin yini guda, sabili da haka dokar ƙasa ɗaya ba ta isa ta tsare shi ba. Wannan ya sa a ran 7 ga watan Disamba 1944 ƙasashe 52 suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Shikago na Amurka. Daga cikinta aka kafa Ƙungiyar Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO, wadda ta fara aiki a 1947, hedkwatarta kuma tana Montiriyal ta ƙasar Kanada. Nijeriya ta shiga ƙungiyar a 1960, shekarar da ta sami mulkin kai. A yau ƙasashe 193 ne a cikinta.

Ƙungiyar ta tsara ƙa'idodinta cikin kundi 19. Akwai na ba da lasin ga ma'aikata, da na lafiyar jirgi, da na filayen sauka, da na binciken hatsari, da na tsaro. Kowace ƙasa takan ɗauki ƙa'idodin ta mai da su dokar kanta, ta kuma kafa hukumar da za ta tilasta binsu.

Yadda Aka Raba Aikin a Nijeriya

Nijeriya ta yi dokarta ta jiragen farar hula a 1964, aka yi sabuwa a 2006, sa'an nan wata a 2022. Hukumar NCAA ita ce mai sa ido. Ita ke ba kamfanoni izinin aiki, ita ke ba matuƙa da injiniyoyi lasin, ita ce kuma mai ikon hana jirgi tashi. FAAN ke kula da filayen jirgin sama na Gwamnatin Tarayya, NAMA ke jagorantar jirage a sararin samaniya, NiMet kuwa ke ba da labarin yanayi. Kwalejin koyon aikin jirgin sama tana Zariya tun 1964. Idan hatsari ya auku, hukumar NSIB ke bincike. Bisa ga ƙa'idar duniya, manufar binciken ita ce gano sanadi domin kada a maimaita. Hukunta mai laifi aikin kotu ne.

Doka a Kan Matuƙi da Jirgi

Kafin mutum ya sami babban lasin da zai ba shi damar shugabantar jirgin fasinja, dole ya cika awa 1,500 yana tuƙi. Likita yakan duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa a kai a kai, kuma idan ya cika shekara 65 ba ya sake jan jirgin haya zuwa ƙasashen waje. Har ila yau doka ta ƙayyade awoyin aikinsa da na hutunsa, domin gajiya tana dushe hankali kamar yadda maye ke yi.

Haka shi ma jirgin. Yana da takardar shaidar lafiya, kuma duk gyaran da aka yi masa sai an rubuta, injiniya mai lasin ya sa hannu. Kowane fili kuma yana da iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin ya sauka. Shi ya sa a lokacin hunturu, idan hazo ya rufe Kano ko Maiduguri, akan dakatar da jirage ko da fasinjoji sun cika ɗakin jira.

Darasin Jidda

A ran 11 ga watan Yuli 1991 wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazan Nijeriya zuwa Sakkwato. Bincike ya nuna cewa tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka kafin a tashi, amma gudun jinkiri ya sa ba a tsaya an cika su ba. Da jirgin ya ɗauki gudu a kan titinsa sai tayoyi suka fashe, suka kama wuta. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka janye ƙafafun jirgin zuwa cikinsa kamar yadda aka saba, wuta ta bi cikin jirgin. Suka juya don su koma fili, amma jirgin ya faɗi kafin ya kai. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita.

Aikin da aka tsallake ƙarami ne a ido, watau cika taya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka idan aka ce jirgi ba zai tashi ba sai an yi gyara, ya kamata fasinja ya gane doka ce take yi masa aiki.

Tsaro Daga Miyagun Mutane

Bayan kare jirgi daga kuskure, akwai kare shi daga masu mugun nufi. Da fashin jiragen sama ya yawaita, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Tokiyo a 1963, da ta Heg a 1970, da ta Montiriyal a 1971. Waɗannan sun ba shugaban jirgi ikon tsare mai tayar da hankali, sun kuma wajabta wa ƙasashe su gurfanar da ɗan fashin jirgi ko su miƙa shi inda ake nemansa. Nijeriya ma ta ɗanɗana wannan masifa a watan Oktoba 1993, sa'ad da aka karkatar da jirgin da ya tashi daga Legas zuwa Abuja, aka kai shi Yamai. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka aka wajabta ƙarfafa ƙofar ɗakin matuƙa da kulle ta, a 2006 kuma aka fara taƙaita ruwa da turare a jakar hannu zuwa kwalabe na mililita 100.

Abin da Ake Bukata Daga Fasinja

1. Kada ya karɓi saƙo ko jakar wanda bai sani ba. Duk abin da aka samu cikin kayansa shi zai amsa.
2. Kada ya sa kananzir, fetur, tukunyar gas ko risho mai sauran mai cikin kaya. Maniyyata aikin hajji su lura da wannan ƙwarai.
3. Batirin ajiya da na'urar cajin waya su kasance a jakar hannu, domin idan suka kama wuta a ɗakin kaya ba mai iya kai musu da wuri.
4. Kada ya matsa a ƙyale masa kayan da suka wuce nauyi ba a rubuta ba. Da lissafin nauyi ake ƙayyade mai da gudun tashi.
5. Ya ɗaura ɗamara, ya bi umurnin ma'aikatan jirgi game da wayar hannu, ya guji shan taba. Saɓa musu ko yi musu rashin ɗa'a laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa.
6. Idan ya ga jaka ba mai ita, ko wani abin tuhuma, ya sanar da jami'an tsaro nan take.

Ana roƙon sarakuna, da malamai, da jami'an alhazai, da duk wanda ya karanta wannan takarda ya isar da bayanin ga waɗanda ba su samu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.