Lafiya lau a gareji, tari a hanyar Numan: Ciwon injin tarbo da ke wahalar da kanikawan Jimeta

Akwai wata matsalar mota da kanikawan Jimeta ba sa murnar gani. Mai mota zai zo da ƙorafin cewa injinsa yana misin: ya taka totur zai wuce tirela a hanyar Numan, sai motar ta kama jijjiga, ƙarfinta ya yanke, fitilar injin ta dinga ƙiftawa. Bakanike ya tayar da ita, ya kasa kunne, ya ji injin sumul. A zagaya da ita daga Jambutu zuwa cikin garin Yola a dawo, ko tari ba ta yi ba. Bayan kwana biyu sai ga mai ita ya dawo, rai a ɓace.

Misin dai shi ne silinda ta kasa ƙone man da aka zuba mata a lokacin da ya kamata. A zamanin Peugeot 504 ta Kaduna, da tsofaffin Camry da Corolla da suka biyo baya, kunne da ƙwarewa kan wadatar wajen gano shi. Amma motocin da ake shigowa da su yanzu sun sauya. Honda Accord ta 2018 ta zo da ƙaramin injin lita 1.5 mai tarbo, Mercedes C300 tun daga ƙirar 2015 silinda huɗu ce da tarbo, haka ma Lexus NX 200t. Injin ƙarami, aiki babba, kuma ba ya yafe ƙaramin sakaci.

Sirrin ɓuyar ciwon yana cikin aikin tarbon kansa. Hayaƙin da injin ke fitarwa ne yake juya wata fanka, ita kuma ta cusa iska da ƙarfi cikin silinda. Duk lokacin da iskar ta matsu sosai, tartsatsin wuta yana shan wahala kafin ya tsallaka bakin filogi, sai koyil ta ƙara ƙoƙari. Shi ya sa tazarar bakin filogin irin waɗannan injuna kan kasance kusan milimita 0.7 zuwa 0.8, alhali a injuna marasa tarbo da yawa takan kai 1.1. Koyil ɗin da ta fara gajiya, ko filogin da bakinsa ya buɗe saboda tsufa, za su iya aiki a cikin gari, inda mota ke bin bayan Keke Napep a hankali, tarbo yana hutawa. Sai an hau babbar hanya an nemi ƙarfi asirinsu yake tonuwa, a daidai lokacin da direba ya fi bukatar motar ta amsa masa, yana gefen tirela, wata motar na tahowa.

Yanayin kwarin Binuwai yana ƙara dagula lissafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40. Koyil mai ɗan tsagewa tana iya yin aikinta da asuba, da azahar kuma zafi ya buɗe tsagar, wuta ta zurare ta gefe. Na'urar da ke sanyaya iskar tarbo ma ƙarfinta yana raguwa idan iskar waje ta yi zafi. Lokacin hunturu ƙura ce take toshe matatar iska, ta ɓata na'urar da ke auna iskar da injin ke shaƙa. Da damina kuwa, ruwa kan sami hanyar shiga tankin mai ko ramin filogi.

Wanda ake fara ɗora wa laifi shi ne fetur, kuma zargin yana da tushe. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumar NMDPRA ta sanar da cewa an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, kamfanin NNPC kuma ya ce daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka ɗauko shi. A jihar da ke iyaka da Kamaru, inda 'yan bumburutu suka daɗe suna sayar da mai a jarka da galan, ba kowane mai ne ake sanin inda ya kwana ba. Ga kuma wani abu da masu mota da yawa ba su lura da shi: lamba 91 da ake gani a murfin tankin motar Amurka ma'auninsu ne na can, wanda ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin Turai. Sai dai mummunan mai ba ya zaɓen silinda. Idan silinda guda ce kullum take misin, to da wuya laifin gidan mai ne.

Nan ne amfanin kwamfuta yake. Tun 1996 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da mashigar bincike ta OBD-II. Lambar P0301 tana nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har zuwa ƙarshe, P0300 kuwa tana nufin misin ɗin yana yawo. Motar takan kuma adana bayanin halin da injin yake ciki a daidai lokacin da abin ya faru: gudunsa, zafinsa da nauyin da yake ja. Abin takaici, abin da aka fi yi da na'urar binciken shi ne a goge lambar don fitila ta mutu, mai mota ya biya ya tafi da murna. An share shaidar da ita kaɗai ta ga abin da ya faru a hanya.

Gwajin da ya fi inganci bai bukatar sayen komai. Idan kwamfuta ta nuna silinda ta biyu, sai a cire koyil ɗinta a kai ta uku, a dawo da ta ukun wurinta. Daga nan a fita da motar da tsakar rana, a kunna na'urar sanyi, a tsallaka gadar Jimeta a miƙi hanyar Girei, a taka totur sosai inda hanya ta ba da dama. Idan lambar ta koma P0303, koyil ce. Idan ta tsaya a P0302, sai a yi wa filogi irin wannan musayar. In har ciwon bai bi ko ɗaya ba, hankali ya koma kan nozul, ko a auna matsin silindar. Misin mai yawo kuma ya fi nuna famfon mai da ya gaji, ko wani tiyon iskar tarbo da ya tsage, wanda ba ya buɗewa sai iska ta matse shi. Idan da sanyin safiya kawai motar ke jijjiga, a injunan da nozul ke fesa mai kai-tsaye cikin silinda, sau da yawa baƙin dauɗa ne ya taru a bayan bawul.

Wannan aiki yana cin yini guda, kuma a nan gizo ke saƙar. Mai mota ya fi sauƙin biyan kuɗin kayan da ya gani da idonsa a kan kuɗin bincike, don haka bakanike ya gwammace ya rubuta koyil huɗu da filogi huɗu a wuce wurin. Su kansu kayan ba tabbas: jabun filogi masu ɗauke da sunan NGK da Denso sun yawaita a kasuwanni, kuma injin tarbo yakan kashe su cikin ɗan lokaci, ciwon ya dawo kamar ba a taɓa shi ba.

Fitilar da ke ƙiftawa, saɓanin wadda ta tsaya a kunne, gargaɗi ne cewa ɗanyen mai yana gangarawa salansa, yana ƙona matatar hayaƙin da kanikawa ke kira indomi. Idan ta narke ta toshe, maganin da aka saba shi ne a fasa a cire ta. Motar za ta sake numfashi, amma koyil ɗin da ta jawo ɓarnar tana nan a kan silinda ta biyu.