Kashi 43 Cikin 100: Me Wannan Adadi Yake Faɗa wa Mai Son Buɗe Shafi a Dutse?

Duk wanda ya taɓa zama da matasan da ke gina shafukan intanet a Dutse ya ji wannan magana: "Ranka ya daɗe, WordPress za mu sa maka, ai kashi 43 na shafukan duniya a kansa suke." Adadin gaskiya ne. Kamfanin W3Techs, mai bibiyar fasahar da ke ƙarƙashin miliyoyin shafuka, shi ya fitar da shi, kuma a 2024 ma a nan wajen ya tsaya. Sai dai mai makaranta a Birnin Kudu ko dillalin dabino a kasuwar Shuwarin yana da buƙatar sanin abin da aka ƙirga kafin ya zaro kuɗinsa.

Abin da ake zaɓa ɗin shi ne manhajar da ke riƙe da shafi, wadda masu sana'ar ke kira CMS. Ita ke ba ka damar sa hoto, sauya farashi ko liƙa sanarwar komawa makaranta ba tare da ka iya rubutun kwamfuta ba. A lissafin W3Techs, idan aka ɗauki shafuka 100, wajen 30 ba sa amfani da irin wannan manhaja ko ɗaya da aka sani. Cikin 70 da suka rage ne WordPress ke da 43. Shi ya sa wani lokaci za ka ji an ce kashi 62: ƙirga ɗaya ce, an dai cire waɗancan 30 ne kafin a raba. Shopify, mai bi masa, bai kai kashi 5 na dukkan shafuka ba a 2024. Joomla, wadda ta fito a 2005 kuma sunanta daga kalmar Swahili yake, ƴar'uwar tamu "jimla", ta sauko ƙasa da kashi 2. Drupal na wajen kashi 1.

Amfanin wannan rata a wurinmu ɗaya ne, kuma babba ne: samun mai gyara. Kamar mai sayen babur ne da ke duba wanda bakaniken unguwa ya san cikinsa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, ga kwalejin fasaha ta jiha, ga cibiyar koyar da kwamfuta ta Kazaure, yaran da suka iya taɓa WordPress ba su da wuyar samu. Mai Drupal kuwa sai an yi cigiya, wataƙila har Kano.

Amma kashi 43 bai ce komai a kan aljihu ba, kuma nan ne gizo ke saƙa. Wix, Squarespace da Shopify haya ce: su ke riƙe da komai, kai kana biya duk wata, galibi da dala. A ɗauka, don misali kawai, kuɗin hayar dala 20 ne. A farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, naira 9,200 ke nan a wata, 110,400 a shekara. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a 2024, sai dala 20 ɗin nan ta koma naira 30,000 a wata, 360,000 a shekara. Kamfanin bai ƙara ko sisi ba, amma nauyin ya ninka fiye da sau 3. Ga kuma abin da mutane suka sha a 2022, da bankuna da dama suka hana biyan kuɗin waje da katin naira. Kuma Wix ba ya barin ka kwashe shafinka ɗungurungum ka kai wani masauki. In ka tashi, sabon gini za ka fara.

WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, kyauta ne. Abin da ake biya shi ne masaukin da za a ajiye shafin da kuma adireshi, kuma akwai kamfanonin gida da ke karɓar naira. Adireshi mai ƙarewa da .ng yana ƙarƙashin ƙungiyar NiRA, na hukumomin gwamnati kuma, .gov.ng, sai an bi ta hukumar NITDA. Mai son karɓar kuɗi ta shafinsa yana iya haɗa manhajar kanti ta WooCommerce da kamfanin karɓar kuɗi na Paystack ko Flutterwave, ciniki ya faɗa asusunsa da naira.

To, kyautar ma tana da ƙaya. WordPress na da ƙananan manhajojin ƙari kusan 60,000, waɗanda ake kira fulogin, kowacce da aikinta: wannan ta fom, waccan ta hotuna. Kamfanin tsaro na Patchstack ya ƙirga kafofi 7,966 da aka gano a 2024 waɗanda masu kutse za su iya bi. Kashi 96 a jikin fulogin suke, kashi 4 a rigunan ado na shafi, 7 kacal a jikin WordPress kansa. Wato ba a samu ko 1 cikin 1,000 a uwar manhajar ba. Ma'anar wannan a fili take: shafi mai fulogin 30 gida ne mai ƙofa 30, kowacce na son a riƙa duba sakatarta. Na fi yarda da wanda ya sa 6 ya san aikin kowacce.

Na ga yadda abin ke ƙarewa a wata makaranta mai zaman kanta da na taɓa taimaka wa. Wani ɗan bautar ƙasa ya yi musu shafi mai kyau, har da hoton ɗalibai a layin asambuli yana juyawa a sama. Ya yi rajistar adireshin da imel ɗinsa, kalmar sirri tana wayarsa. Ya gama shekararsa ya koma garinsu. Da wa'adi ya cika, saƙon tunatarwa shi ya je wa, ba shugaban makarantar ba. Ranar da na zauna a ofishin, shugaban ya miƙo mini takardar shiga makaranta da aka buga ɗaruruwa, ga adireshin a ƙasa da jan tawada, muka buɗe a waya sai farin shafi. Ba manhaja ce ta kashe shi ba, rashin mai riƙo ne. Ko manhajojin ma suna da ajali: an daina kula da Joomla 3 a Agustan 2023, Drupal 7 kuma a Janairun 2025, duk wanda ya zauna a kansu sai ya biya kuɗin ƙaura.

Sai nauyin shafi. Ƙididdigar HTTP Archive ta nuna matsakaicin shafi a waya yana cin wajen megabayit 2 a buɗewa ɗaya. Mafi yawan masu shiga intanet a Najeriya da waya suke shiga, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. Uwar da ke Jahun ko Kiyawa tana neman sakamakon ɗanta, layi yana zuwa yana ɗaukewa, ba za ta jira hotuna 10 su gama sauka ba. A kuma gwada rubutun da ƙ, ɗ da ɓ tun kafin a biya, don wasu salon haruffan ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma.

Hukuncina shi ne, ga makaranta, asibiti ko ƙungiyar da za ta riƙa sa labari duk mako, WordPress ya fi dacewa, da fulogin kaɗan da masaukin da ake biya da naira. Wanda buƙatarsa shafi 3 ne da lambar waya, ya tuna da waɗancan 30 cikin 100, ƙaramin shafi mara CMS ya ishe shi. Kafin ka biya kashin ƙarshe na kuɗin aiki, ɗan'uwa, ka sa a yi rajistar adireshin da sunanka da imel ɗinka, a damƙa maka kalmar sirri a rubuce, ka kuma sa ranar sabuntawa a kalandar ofis.