YARONKU YA SHIGA AJI ƊAYA: YAYA ZA A YI DA CIKINSA?

A watan Satumba ake buɗe makarantun firamare don sabuwar shekarar karatu. A daidai wannan lokaci ne kuma aiki yake kai wa manomi iya wuya. Ga yankan gero, ga roron wake, ga cirar gyaɗa tana tafe. Maigida yana fita tun da asuba. Uwargida kuma ga ɗiban ruwa, ga surfe, ga daka, ga 'yar sana'arta ta cikin gida. A tsakiyar wannan hidima ake kai yaro ɗan shekara 6 aji ɗaya.

Kafin ya shiga makaranta, yaron nan yana gindin uwarsa. Da ya ji yunwa sai ya yi magana, a miƙa masa abin da ya samu. Yanzu kuwa zai bar gida da sassafe, ba zai dawo ba sai wajen azahar. Awa 5 ke nan ko fiye. To, yaya za a yi aiki bai tsaya ba, yaro kuma bai zauna da yunwa ba? Abin da za mu duba ke nan a wannan wata.

ME YUNWA TAKE YI WA ƊALIBI?

Mu yi ɗan lissafi. Yaro ya ci tuwo da ƙarfe 8 na dare. Ya shiga aji da ƙarfe 8 na safe bai karya ba. Awa 12 ke nan bai sa komai a bakinsa ba. In ya jira sai an tashi, ya doshi awa 17.

Cikin yaro ƙarami ne. Ba ya ɗaukar abinci mai yawa a lokaci ɗaya kamar na babba, ga shi kuma jikinsa yana girma. Saboda haka yana bukatar ci sau 3 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani. Ƙwaƙwalwa ma da ƙarfin abinci take aiki. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yaro mai jin yunwa yakan yi ta hamma da gyangyaɗi a aji. Malam yana koyar da baƙaƙe, shi hankalinsa yana kan tukunyar gida. Kwana kaɗan sai a ce daƙiƙi ne. A tsawata masa a makaranta, a tsawata masa a gida. Daga nan sai ya tsani karatu, ya fara laɓewa a hanya. Yaran da suka bar makaranta ta wannan hanya ba basira suka rasa ba. Karin kumallo suka rasa.

ABINCI IRI UKU

Cika ciki daban, gina jiki daban. Abincin da muke da shi a ƙauye ya kasu kashi uku.

Na ɗaya, mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, man gyaɗa da manja.

Na biyu, mai gina jiki: wake, waken suya, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, ƙwai, nono, kifi da nama.

Na uku, mai kare jiki daga cuta: zogale, alayyafo, rama, kuka, kabewa, karas, gwanda, mangwaro, goba da lemo.

A yi ƙoƙari yaro ya samu wani abu daga kowane kashi a kowace rana. Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba. Koko zalla ruwa ya fi yawa a cikinsa, ba ya daɗewa a ciki. Amma koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko ɗumame da miyar kuka mai daddawa, sai ya riƙe yaro har a fita tara. A riƙa amfani da gishirin leda mai sinadarin aidin, domin yana hana maƙoƙo, yana kuma taimakon ƙwaƙwalwar yaro.

A SHIRYA SAFIYA TUN DA DARE

Uwa ba ta da lokaci da safe. Dabarar ita ce a rage aikin safe tun da dare.

1. In za a tuƙa tuwon dare, a ƙara ɗan gari saboda ɗumame. A ware rabon ɗan makaranta, a rufe. Da safe a ɗumama shi sosai har ya yi tururi, miya kuma ta tafasa. Ɗumame mai ɗumi-ɗumi kawai yana iya kawo gudawa.

2. A tanadi itace ko kara da ruwa kusa da murhu kafin a kwanta.

3. A wanke kwanon yaro da gorar ruwansa, a kife su, a ajiye tare da kayan makarantarsa.

4. A tashe shi da wuri yadda zai ci a zaune, cikin natsuwa. Yaron da ake kora da ihu ba ya cin kirki.

GARIN KUNU NA MAKO GUDA

Ga wani haɗi da ma'aikatan lafiya suke koya wa mata. A auna gwangwani 6 na gero, ko dawa, ko masara. A auna gwangwani 3 na waken suya, da gwangwani 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya. A soya kowanne daban har ya yi ƙamshi. A ɓarza waken suya, a sheƙe ɓawonsa. Sannan a haɗa duka a kai inji a niƙa. A zuba garin a busasshen mazubi mai murfi.

Da safe sai a dama ɗan garin da ruwan sanyi, a juye cikin tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa a kan wuta kamar minti 10. Shi ke nan, kunu ya samu. Aikin yini ɗaya ya hutar da uwa har mako ya zagayo.

A kula: kada a sa gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna. Akwai guba a cikinta mai lalata hanta, kuma suya ko dahuwa ba sa kawar da ita. A tsince ta a zubar.

ABIN DA ZAI TAFI DA SHI

A ba yaro abin da ba ya saurin lalacewa a zafi, kamar dafaffen dankali, soyayyiyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dabino, goba, ko dafaffen ƙwai da ɓawonsa. A bar masa fura da nono da abinci mai miya sai ya dawo gida. A sa abincin a kwano mai murfi saboda ƙuda da ƙura. A ba shi ruwan sha mai tsabta daga gida, don kada ƙishi ya kai shi kududdufi.

Wasu suna cewa in yaro ya saba da ƙwai zai koyi sata. Wannan camfi ne. Ƙwai yana cikin abinci mafi gina jikin yaro. In kaji suna yi a gida, a raba: wasu kasuwa, wasu cikin yara.

A koya masa wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, da bayan ya zaga.

KUƊIN TARA

Iyaye da yawa sukan miƙa wa yaro kuɗin tara su tafi aikinsu. Amma ɗan shekara 6 bai san kan kuɗi ba. Ko ya yar a hanya, ko manyan yara su ƙwace, ko ya sayi alewa da cingam. Alewa tana kashe sha'awar abinci, tana ɓata haƙori, ba ta gina jiki.

In dole sai an saya, a nemi mai ƙosai ko mai waina da aka yarda da tsabtarta, kusa da makaranta. A yi magana da ita, a riƙa biyanta mako-mako, tana ba yaron in an fito tara. A duba ko tana rufe abincinta.

IDAN YA DAWO BA KOWA A GIDA

Ranar kasuwa, ko ranar da aka tafi gona gaba ɗaya, kada yaro ya dawo ya tarar da ƙofa a rufe. A bar abincinsa a hannun kakarsa, ko abokiyar zama, ko maƙwabciya. A gaya wa yaron tun da safe inda zai je. Dafaffen abincin da ya wuce awa 2 a ajiye, a sake ɗumama shi sosai kafin a ba shi. Kada a bar ƙaramin yaro ya hura wuta da kansa.

Mata uku ko huɗu masu 'yan aji ɗaya suna iya yin karɓa-karɓa, kamar yadda ake adashi. Yau wannan ta ciyar da yaran da rana, gobe waccan. Kowace ta kawo awonta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

RABON MAIGIDA

Malam maigida, wannan magana ba ta mata kaɗai ba ce. Uwa ba za ta dafa abin da babu ba. Yanzu da amfanin gona yake shigowa gida, kafin ka kai wake da gyaɗa kasuwa, ka ware na yara. Wanda ya sayar da duka da kaka, shi zai saya da tsada da bazara. Ka dasa zogale a bayan gida. Kafin ka fita da safe, ka tambaya ko ɗan makaranta ya karya.

Kada kuma a ɗora wa yarinya talla da safe, ta yi ta yawo da abinci a ka, cikinta babu komai, sannan ta isa aji a makare. Abin da aka ba ɗa namiji, a ba 'ya mace. Karatu ɗaya suke yi.

KADA A DOGARA DA ABINCIN MAKARANTA

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa iyaye a Nijeriya su sa 'ya'yansu a makaranta, kuma ta ce karatun kyauta ne. A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ciyar da 'yan aji 1 zuwa 3 sau ɗaya a rana. A farkon shekarar 2024 aka dakatar da shi. Saboda haka ku tambayi hedimasta ko ana ba da abinci a makarantarku. Ko ana bayarwa, ƙari ne kawai. Karin kumallo yana wuyan iyaye.

ALAMUN DA ZA A KULA DA SU

In yaro yana ramewa, ko yana yawan kasala, ko cikin fatar idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, ko ƙafafunsa sun kumbura, a kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba. Mai yiwuwa ƙarancin jini ne, ko tamowa, ko tsutsar ciki da take cinye masa abinci. Ma'aikacin lafiya zai duba shi ya faɗi abin da za a yi.

'Yan'uwa, da yawanmu sai da muka girma muka shiga ajin yaƙi da jahilci. Mun san wuyar koyon baƙi da wasali bayan an sha aikin yini. 'Ya'yanmu sun samu dama tun suna ƙanana. Kada kofin kunu ɗaya ya raba su da ita.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A AJI

1. Me ɗanki ko ɗanka ya ci yau kafin ya tafi makaranta?
2. Rubuta abinci 2 daga kowane kashi da ake samu a garinku.
3. In za a haɗa garin kunu da gwangwani 12 na gero, gwangwani nawa na waken suya da na gyaɗa za a sa?