Gonar Kaka da Namun Daji: Nazari a kan Dabarun Maharba a Yankin Ɗanwarai

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana dangantakar da ke tsakanin gona da farauta a yankin Ɗanwarai da ke ƙasar Aliero ta Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1991.

Abinci ke Jan Dabba

A Amurka, maharba sukan ware fili a daji a watan Agusta ko Satumba, su shuka alkama da ganyaye dangin wake, domin wata dabba mai kama da barewa ta saba da wurin kafin lokacin harbi. Maharbin ƙasar Hausa ba ya noma don naman daji, amma ya daɗe da sanin hikimar. Da zarar kaka ta yi, ciyawar daji ta fara bushewa, sai barewa da gada da zomo su karkato wajen gonakin bakin daji, inda wake ke da sauran ɗanyen ganye. Idan rani ya tsananta kuwa, sai su koma gindin gawo da aduwa suna tsintar 'ya'yan da suka zuba. Maharbi yakan duba sawu da kashin dabba, ya lura da inda iska ke kaɗawa, sa'an nan ya yi kwanto da asuba. Wani kuma yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya rarrafa har ya kusanci dabbar.

Halin da Ake Ciki

Wannan dabara ta yi amfani ne a zamanin da daji ke da faɗi. Farin shekarun 1973 da 1974, da sare daji don noma, da yawaitar bindiga, duk sun rage namun daji ƙwarai, duk kuwa da Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 da Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985. A yau, tara 'yan dabbobin da suka rage a wuri guda don harbi, ƙarasa su ne kawai.

Kammalawa

Saboda haka, ra'ayinmu shi ne a juya wannan ilimi zuwa ga renon dabbobin. Hakimai da shugabannin maharba su keɓe filaye a bakin daji, a shuka wake a dasa gawo, a kuma hana harbi a cikinsu na wasu shekaru. Wanda ya cinye irin shuka, ba shi da girbin baɗi.